Rago Ɗaya, Dillalan Maigatari Duka

Jama'a, yau ni ne wawan, amma wayar nan ma ba ta da tarbiyya.

'Yata Binta ta saka min AI mai aika saƙo. Maɓalli biyu yake dannawa, na surukai da na dillalan Maigatari. Ta ce in rubuta masa bayanin kowanne don ya san wanda zai danna. Ni da na yi firamare har aji huɗu? Duka biyun na rubuta: "Ka san aikinka."

Jiya na ce ya gayyato surukai bikin suna a gidana. Rago ɗaya na yanka. Yau da hantsi sai ga dillalai, keke bayan keke, a ƙofar gidana a Gumel!

Na shiga ciki ina zagin na'urar.

Matata Hajiya ta ce, "Malam, shekara arba'in haka kake aike na. Ni ce dai nake rufa maka asiri."