Kwana Biyu a Kan Caja

Ranakun aiki da yawa sun ɓace mini, amma akwai wata Alhamis da ban taɓa mantawa da ita ba, kuma ba na jin zan manta har a sa ni a ƙasa. Tunda kun matsa sai na ba ku labari ɗaya kafin in ajiye aiki, to ku gyara zama. Wanda yake jiran abin dariya ya tashi ya koma kan aikinsa tun yanzu.

A lokacin ni ne foman na ɓangaren wutar mota a garejin ma'aikatarmu a nan Hadejia. Ga waɗanda ba su san tsarin ba, injiniya ne a sama, sai foman, sai makanikai. Mota ba ta fita daga gareji sai foman ya duba aikin ya sa hannu a kati. Ni kuwa an san ni da taurin kai a kan sa hannun nan, kuma ina alfahari da hakan. Wanda ya mai da ni haka shi ne Injiniya Bukar, mutumin Guri, wanda ya ɗauke ni aiki ina saurayi. Ya taɓa kama ni na haɗa wayar tifa da haƙori na naɗe da leda. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Garba, kwance shi duka. Ba za ka bar nan ba sai ka yi yadda littafi ya ce." Ranar ko abincin rana ban ci ba.

Bayan ya yi ritaya ya zauna a cikin gari da iyalinsa. Yana da wata jar mota mai ƙofa biyu da kujera biyu, irin ta masu gudu, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. Kowa ya san ba motar hanyoyinmu ba ce. Da damina ta sauka ruwa ya cika fadama, sai ya lulluɓe ta da tamfol. Ba ya fito da ita sai kaka, in ruwa ya ja baya hanya ta bushe, ya tuƙa ta da kansa zuwa Guri ya gai da mahaifiyarsa. Kusan aikin motar ke nan a duniya.

To ku da kuke koyo, ku riƙe wannan. Mota irin wannan ko a kashe take tana shan wuta kaɗan-kaɗan, saboda kwamfutarta da agogo da ƙararrawar ɓarayi ba sa barci. Ga zafin garin nan da ke cin batir. In ta yi wata biyu ba a zaga da ita ba, sai a zo a tarar ko fitila ba ta kawowa. Kowace shekara nakan je in cire masa kan batir kafin ya rufe ta. A waccan shekarar bai kira ni ba, ni ma ban tuna ba. Na dai ji ana cewa ba ya jin daɗi, na ce zan je dubiya, ban je ba.

Da hantsin ranar Alhamis ɗin matarsa, Hajiya Falmata, ta bugo mini waya ta ce Injiniya yana nemana, mota ta ƙi tashi. Na nemi izini a ofis, na ɗauki mitar auna wuta da jakar kayan aiki, na hau babur.

Na tarar da shi zaune a kan kujera a bakin garejin gidansa, ya sha babbar riga da hula, makullin mota a hannunsa. Fuskar ta kumbura, ƙafafun kuma har an tsaga masa takalmi don su shiga. Na durƙusa na gaishe shi.

"Yallaɓai, yaya jiki?"

"Da sauƙi, alhamdulillahi."

Na karɓa kamar yadda kowa ke karɓa, na miƙe zan nufi motar. Sai ya riƙo hannuna. Ya ce, "Garba, ba zan ɓoye maka ba, ƙoda ce. Jiya aka yi mini wankin ƙodar. Washegarin wanki ne kaɗai nake jin ni mutum ne. Yau nake so in je Guri. Iya ba ta san ina ciwo ba, kuma ba na so ta sani. So nake ta gan ni na fito daga motar nan da ƙafata, mu gaisa, in ci abincinta, in dawo kafin magariba."

Na ce ai ga motar Hajiya nan, a samu direba ya kai shi. Ya girgiza kai. "In ta ga an kwaso ni a bayan mota kamar buhun shinkafa, ai ta gama sani. Tsohuwa ce, ga hawan jini."

Na shiga aiki. Batirin motar a but yake can baya, but ɗin kuma da wuta yake buɗewa, don haka sai da na kutsa ta bayan kujera na jawo wayar gaggawa. Da na ɗora mita, ko rabin abin da lafiyayyen batir ke nunawa bai kai ba. Busasshen batir ne, irin wanda ba a ƙara masa ruwa, kuma babu irinsa a kasuwarmu sai an aika Kano. Motar ba ta da kuloci, balle a ce a tura ta.

Hanya uku ce a gabana. Ta farko, a jona waya daga wata mota a tashe ta. Haɗarin shi ne wuta ta yi tsalle ta ƙona kwamfutar, ko kuma ta mutu masa a hanya, tunda batirin ba ya riƙe komai. Ta biyu, a cire shi a sa mata batir na gama-gari, ko da na motar Hajiya ne. Wannan kuwa littafi ya hana shi, domin ba girmansu ɗaya ba, kuma motar za ta riƙa kunna fitilun gargaɗi. Ta uku ita ce daidai: a kai batirin garejinmu a ɗora a kan caja mai ba da wuta a hankali, kwana biyu, har ya farfaɗo. Na ce masa ta ukun za a yi, Asabar da safe motarsa za ta tashi.

Ya ce, "Sa mata na Hajiya. Yini ɗaya ne kawai."

Na ce, "Haba Yallaɓai! Ni zan sa batirin gama-gari a wannan mota? In ta tsaya maka bayan Kirikasamma fa, a wannan halin, wa za a zaga?"

"Garba, ni da motata. Sa mata."

A nan ne na faɗi maganar da har yau take cina. Na ce, "Yallaɓai, kai ka koya mini. Da a ce da ne na yi wannan aikin a gabanka, da ka kore ni."

Ya dube ni ya daɗe, sannan ya yi wata dariya marar sauti. Ya ce, "Gaskiya ne. Ni na koya maka." Ya sa makullin a aljihu. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, daɗi na ji. Gani nake na ci jarrabawa a gaban malamina.

Ina ɗaure batirin a bayan babur sai ga Hajiya Falmata ta biyo ni har zaure. Ta ce, "Malam Garba, babu yadda za a yi a yau ɗin?" Raina ya ɓaci, don na tsani a maimaita mini magana a kan aikina. Na ce, "Hajiya, don Allah ku bar mini abin da na sani. Kwana biyu ne fa, ba shekara ba." Ta buɗe baki kamar za ta yi magana, ta rufe. Ta ce, "To, Allah ya kai mu Asabar." Kun san halinmu. Mace ba za ta tsaya a zaure ta ce wa baƙo mijinta ba zai kai labari ba, alhali yana zaune a ciki yana numfashi. Iyakar abin da za ta iya ke nan, ta sake tambaya, kuma ta sake.

Aikin kam na yi shi kamar na shiga gasa. Na wanke kawunan batirin, na ɗora shi a caja, in an ɗauke wuta in tayar da janareto. Ina auna shi safe da yamma ina rubutawa a kati. Zuwa yammacin Juma'a ya dawo garau.

Asabar da safe na kai shi na ɗaura. Murɗawa ɗaya ta tashi, ƙararta ta cika unguwa. Babu fitilar gargaɗi ko ɗaya. Na leƙa cikin gida ina washe baki na ce a gaya wa Injiniya mota ta tashi.

Mutum biyu ne suka riƙo shi, ƙanen Hajiya da wani maƙwabci. A kwana biyun nan kamar an sauya shi da wani. Numfashi yake da ƙyar, ba hula, ba babbar riga. Ya nuna a kai shi wurin motar. Kujerar tana can ƙasa, sai da muka taru mu uku muka zaunar da shi. Ya ɗora hannu a kan sitiyari. Ya yi ƙoƙarin ɗaga ƙafarsa ya taka birki, ƙafar ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Ya sa hannu biyu ya kama gwiwar zai ɗaga ta, ya kasa. Muna tsaye muna kallo. Ya jingina kai ya rufe ido yana sauraren injin na ɗan lokaci.

Sannan ya ce, "Aiki ya yi kyau, Garba. Kashe ta."

Ran nan aka wuce da shi asibiti a Kano. Ranar Talata aka dawo da gawarsa.

Ranar sadakar uku Hajiya ta aiko a ce in zo in cire kan batirin in rufe motar, tunda za ta daɗe a ajiye kafin a yi rabon gado. Ina sunkuye a but sai na ji ƙarar sanda a bayana. Wata tsohuwa ce 'yar ƙarama, ta fito daga wajen mata ita kaɗai. Ba sai an gaya mini ba, mahaifiyarsa ce, an ɗauko ta daga Guri. Na durƙusa na yi mata gaisuwa. Ta amsa, amma motar take kallo. Ta shafa murfinta da tafin hannu.

Ta ce, "Ranar Alhamis na sa aka samo kifi aka yi masa miyar da yake so. Tun hantsi nake ƙofar gida ina sauraren kukan motar nan. Sai ya bugo waya wai mota ta ƙi tashi. Na ce masa, motoci sun ƙare ne a Hadejia? In ba ka son zuwa ka faɗa mini, ka daina fakewa da ƙarfe. Na miƙa wa jikata wayar. Sau biyu yana sake bugowa, ina cewa a ce masa ina salla." Ta sake shafa motar. "Ban san yaron nan ba shi da lafiya ba. Maganata ta ƙarshe da shi ke nan."

Da na yi shiru da babu wanda zai sani, amma na kasa. Na ce, "Iya, ni ne makanikin. Ni na ce a bari sai Asabar."

Ta juyo ta dube ni. Na so ta zage ni, wallahi na so. Sai ta ce, "Ta gyaru, ɗan nan?"

Na ce, "Ta gyaru, Iya."

Ta ce, "To madalla." Ta juya da sandarta ta koma ciki.

Na san ajali ba ya hannun makaniki, kada wani ya tashi yi mini wa'azi. Ko ya je Guri ko bai je ba, Talatar nan tasa ce. Amma zuwan yana hannuna. Ni na san batirin Hajiya zai tayar da motar. Minti ashirin ne aikin. In tsoron tsayawa a hanya nake ji, me ya hana ni ɗaukar wayar jona batir da sifana in bi shi a baya a kan babur? Hakan bai ma zo mini a rai ba sai bayan an binne shi, saboda tun da na ɗora mita batir nake kallo, ban ƙara kallon mai batir ba.

Ban ce ku yi aikin banza ba. Gobe in na kama wani ya naɗe waya da leda, zai gane kurensa. Caja a hankali ita ce daidai, kuma haka zan ci gaba da koya muku. Abin da nake cewa shi ne, kafin ka buɗe murfin mota, tambayi mai ita yaushe yake bukatarta, kuma ina za shi. Mutanenmu ba sa faɗin abin da ya fi damunsu kai tsaye. Za su ce maka da sauƙi, za su ce ba komai. In ka ji dattijo ya roƙe ka abu sau biyu, ko matarsa ta biyo ka zaure, ajiye mitar ka saurara. Ni an gaya mini komai a ranar, da baki da ido, na ɗaure batir a babur na tafi.