Yadda Na Cinye Abincin Dubiyar Yayana

Shekarun baya ne, zamanin da muke kira kiriz, lokacin da aka karya darajar sefa, kowa a unguwarmu ta New Bell ya rame. Ni kaɗai na yi ƙiba a layinmu. Har yau akwai masu cewa asiri na yi, to ga gaskiyar magana.

Yayana ne ya kwanta. Tare muke sana'ar tsire, wanda a nan ake ce wa soya. Idonsa ya koma ruwan ɗorawa, cikinsa ya kumbura kamar tulu. A asibiti suka ce hanta ce. Suka zuƙe ruwan cikin, suka sallamo mu gida. Wata nas da ke zaune bayan layinmu, ba Bahaushiya ba ce, ta ce za ta riƙa leƙo shi in ta taso aiki.

Ranar farko ta tsare ni a bakin ƙofa. Ta ce, "Mon frère, ɗan'uwana, buɗe kunnenka. Ba gishiri, ba dunƙule, ba kanwa, ba jiƙe-jiƙen itace. Miyarku ta isa ta dawo da ruwan nan. In ya dawo, ban yi maka alkawarin yayanka zai tashi ba."

Na ce to. Ashe "to" ɗin ce mai sauƙi.

Mu ba ma zuwa dubiya hannu rabbana. Mutanen da su kansu sau ɗaya suke ɗora tukunya a yini, sai ga su da kwano: farfesu, dambun nama, miyar taushe da manja yana iyo a kai. Kuma ka san a wajenmu mayar wa mutum kwanonsa da abinci a ciki zagi ne. Ba zan ba Yaya ba, ba zan mayar ba, zubarwa kuma a wannan yunwar sai Allah ya tambaye ni. Sai in yi godiya, in zaga bayan ɗaki, in yi bisimilla.

Yaya yana kwance da farar shinkafarsa lami, yana jin ƙarar cokalina. Sai ya ɗaga murya, "Kai ƙanena ne ko kura? Ni ke ciwo, kai ke samun lafiya!"

Wata guda muna haka, sai ga Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, daga unguwar Sodiko, can ƙetaren kogi. Ranar ba taksi a gari. Da ƙafa tsohuwar nan ta ƙetaro gada, tukunyar farfesun kayan ciki a ka, kwalbar jiƙo a hannu. Ita ba ta ba ni kwano ba. Zama ta yi a gefen katifa, ta buɗe tukunya, ta ɗebo cokali.

"Buɗe baki, ɗana. Sun bar ka da yunwa."

Kafin ta rufe nata bakin, Yaya ya hangame nasa. Ban san lokacin da na cafke hannunta ba.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ni ka riƙe? Ni da na wanke maka kashi?"

Ni ban iya lauje cikin naɗi ba. Na ce, "Gwaggo, miyar nan kashe shi za ta yi."

Ta fara gyara mayafi za ta tafi, sai ga sallamar nas. Matar nan ba ta yi musu da ita ba. Ta rusuna ta ce, "Ashiya, Mama," wato sannu. Ta kama yatsan Gwaggo ta danna a ƙwaurin Yaya. Da ta ɗaga, wurin ya lotsa, ramin ya ƙi tasowa.

Ina fassarawa ta ce, "Ruwa ne, Mama. Gishiri ke kiransa."

Gwaggo ta daɗe tana kallon ramin nan. Nas ta ɗanɗani farfesun, ta lumshe ido, ta ce abin tausayin shi ne ba wanda ya iya girki mai daɗi ba gishiri.

Gwaggo ta zabura. "Wa ya gaya mata? Tambaye ta, wa ya gaya mata?"

Ba ta koma Sodiko ba sai bayan wata uku. Da citta da tafarnuwa da lemon tsami ta riƙa haɗa masa kifi, har ya daina zagina. Ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, duk kwanon da ya shigo sai ta tsoma yatsa ta lasa. "Mayar! Kashe min ɗa za ki yi?" Ba wadda ta yi fushi, tunda babba ce ta faɗa. Ni dai kasuwata ce ta watse.

Wata Juma'a da hantsi na shiga ɗaki na tarar da Yaya a tsaye, ya ɗaure wandonsa da kansa, yana neman hularsa. Da ƙafarsa ya je masallaci. Gwaggo ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka fito suna tambayar wa ya haihu. Ya rayu ya goyi jikokinsa.

Na ɗauka jinya ita ce ɗaga mutum da wanke shi. Wannan kowa zai iya. Mai wuyar ita ce ka dubi wanda ya tako da ƙauna ka ce masa a'a. Wata guda na yi ina tauna don tsoron kalmar nan.

Gwaggo ta yafe min, amma ba ta manta ba. Har ta koma ga Allah, in na durƙusa gaishe ta sai ta ɓoye hannunta cikin mayafi, ta ce, "Gaisa daga nan, ɗan sanda."