Matan Tsibiri da Aka Ce Ba Su da Sana'a

Har yau ban manta da Larabar da aka kusa sallamar ƙungiyarmu a Tsibiri ba. Ni yanzu sai aikin gida da renon yara, amma ku da za ku fita ankete bana, wato binciken gida-gida, ku saurara.

Lokacin takardar brebe, ta gama ƙaramar sakandare, kawai gare ni. Aka ɗauke mu kwantaragi mu bi gida-gida muna tambayar abin da iyali ke samu. A wajen horo an bayyana mana cewa amsoshin suna cikin abin da ake haɗawa a fitar da kuɗin shigar ƙasa na shekara. Daga nan a jera shi da na Mali da Najeriya da sauran ƙasashen Afirka, a ga wa ya hau wa ya sauka tun samun 'yancin kai. Nijar tamu kusan kullum tana can ƙasa. Abin ya tsaya mini a rai.

Tsarinmu shi ne mu zauna a zaure, maigida ya amsa wa kowa. Duk gidan da muka je amsar ɗaya ce: mata ba su da sana'a. Shef ɗinmu, wato shugaban ƙungiyar, Malam Isufu, ya dawo daga biro, babban ofishinmu na Maraɗi, rai a ɓace. An ce masa ba yadda za a yi unguwa guda ta rasa mace mai sana'a, wato muna zama gindin bishiya muna cike takardun da ka. In ba a ga canji ba za a kawo wasu. Ni kuwa da aikin nan nake jinyar mahaifiyata.

Ran Larabar nan muna gidan Malam Ɗanjuma, wani manomin gero, la'asar ta yi. Na roƙi in shiga ciki in yi salla. Ina idarwa na ga matarsa, Inna Hajo, durƙushe tana matsar tunkuza, man gyaɗa na tsiyaya cikin kwano, ga ƙuli-ƙuli a wuta.

Na ce, "Inna, ba ke aka ce ba ki da sana'a ba?"

Ta ce, "Ke ɗiyar nan, rage murya. In faɗa ma baƙi ina saida mai, a ce Malam ya kasa ci da ni? Tun da na zo gidan nan ban kwana da yunwa ba."

Ashe mutuncin juna suke karewa.

Na ja shef gefe na gaya masa. Ya ce ƙa'ida ta yarda a tambayi kowane baligi shi kaɗai, sai dai shi namiji ne, zaure ne iyakarsa. "Madam Rabi, ki nemi izinin maigida. In ya ƙi, mu haƙura."

Na durƙusa gaban Malam Ɗanjuma. Na ce, "Baba, kowa ya san rumbunka ke ci da gidan nan. Abin hannun Inna kawai nake son ji daga bakinta."

Ya kalle ni ya yi dariya. "Abin hannunta nata ne, addini ma ya bar mata. Ban taɓa tambaya ba, to mi zan ce muku? Shiga. In ta ba ki ƙuli ki rago mini, ni sai na saya take ba ni."

Inna Hajo ba ta tsaya a kanta ba. Ta yafa mayafi ta yi mini jagora cikin maƙwabta, tana cewa, "Ku faɗa mata, Malam ma ya yarda." Ga mai fura, ga mai daddawa, ga mai kiwon jajayen awaki. Biro ya karɓi aikinmu, kuma da muka koma Jiratawa mata aka ƙaro mana a ƙungiya.

Ba zan ce mun ɗaga Nijar ko da mataki ɗaya ba, Allah ne masani. Amma a shekarar nan an lissafa guminsu, kuma ba a kunyata namiji ko ɗaya ba. Wannan nake alfahari da shi.

Ku yi sallama, ku nemi izini, kada ku taɓa mutuncin mutum don neman amsa. Arzikin ƙasar nan da yawansa yana cikin gida, a hannun wadda za ta ce muku ita ba ta aikin komai.