Maɓallin da aka ce don makafi aka yi

"Danna mana, Yaya, ai don ku aka sa shi," na ce wa yayana Sani jiya a shagonmu na Tunga. Tun da ciwon suga ya taɓa masa ido, muryar waya ce ke karanta masa komai.

Shafin neman aiki ne, an maƙala masa maɓallin taimakon makafi. Yana dannawa rubutu ya ƙara girma, muryar kuwa ta rikice, sai "botin, botin", wato maɓalli da Turanci, take maimaitawa.

Ya miƙo min wayar. "Bar shi, Hauwa. Wanda ya haɗa wannan bai taɓa zama da makaho ba. Cike min fom ɗin kawai."

Na cike ina ɓoye hawaye. Shi fa ya koya min karatu.

Ku ma haka naku ke fama?