Garwashin Iya da Makullan Mama Chidi

A Faggen da na tashi, ɗibo wuta ake yi. Yanzu kowane ɗaki da tukunyar gas ɗinsa, mace ta murɗa, ta ƙyasta, shuɗiyar wuta ta tashi ba tare da ta gai da kowa ba. A da kuwa, in gari ya waye, sai ka ga mata suna fitowa da tsingaro a hannu, wato ɓallin fasasshiyar tukunya, suna nufar inda aka san wuta ta kwana. A gidanmu na Kwaciri, a murhun kakata take kwana.

Iya muke ce mata. Tana ƙarama iyayenta suka zo da ita daga Ilori wajen fataucin goro, suka zauna. Hausarta ta Kano ce tsaf, sai in ranta ya ɓaci Yarabanci yake kuɓuce mata. Ni kuwa maigidanta take kira na, irin tsokanar kaka da jika.

"Maigida, yau ma ba cefane? To zauna, ka ci na sadaka."

Tsakanin magariba da isha muke taruwa, an sauke tuwo, hayaƙi ya kwanta a tsakar gida kamar farin mayafi. Iya takan jawo guntun icen kirya ta tura cikin murhu, don shi ne garwashinsa ke kai safiya. Sai ta daki ƙasa da sandar tona wuta ta ce, "Wuta ta zauna, ku ma ku zauna. Ga wata nan tafe." Mu ce, "Ta iso, a ba ta tabarma." Fuskarta takan yi ja ta gefen wuta, ɗaya gefen kuma ya ɓace cikin inuwa, har nakan ga kamar rabin Iya ne kawai yake tare da mu, rabin yana can garin da take ba mu labari.

Tatsuniyoyinta da yawa sun zube mini a hanya. Na yi shekaru ina bin atamfa daga Kwatano zuwa Lome, na zauna Khartum, na yi tafinta ga alhazai a Jidda, har na taɓa yin wata shida a wani gari na Faransa. Ɗaya ce ta bi ni ko'ina, ita ce ta tsohuwa mai garwashi.

Wai a wani gari, tsohuwa ɗaya ce ta iya kwantar da wuta ta kai safe. Kullum da asuba mata suna layi a ƙofarta. Kowace ta ɗebi garwashi, ta bar mata magana: wance ta haihu, akuyar wane ta ɓata, miyar jiya ta yi gishiri. Ana nan sai mutanen garin suka ji kunya. Suka ce sun wahalar da baiwar Allah, ba ta barcin safe saboda su. Suka gina mata ɗaki mai sanyi a bayan gari, ƙarƙashin tsamiya, suka samo ƙyastu a wurin fatake, kowane gida ya koyi kunna wutarsa. Abinci kuwa har ƙofa ake kai mata, a ajiye a hankali, a koma da sanɗa don kada a tashe ta.

"Mutanen kirki ne fa," in ji Iya. "Kada wanda ya zage su."

Sai tsohuwa ta fara rashin nauyi. Da farko inuwarta ce ta tafi. Daga nan in ta taka ƙasa sawunta ba ya fita. Rannan iska ta ɗaga ta, sai da ta ɗaure bakin zanenta a jikin turmi. Masu kawo abinci ba su lura ba, tunda ba sa leƙawa.

Da damina ta yi tsakiya aka kwana bakwai ana ruwa, audugar ƙyastu ta jiƙe a kowane gida, gari ya yi sanyi ƙalau. Wata mai jego da ke neman ruwan zafi ta ɗauki tsingaro ta nufi tsamiya. Ta tura ƙofa, ta ga garwashi yana numfashi a cikin toka, amma ba kowa a kan gado. Ta ɗaga kai, sai ga tsohuwa can a jikin rufi, tana lilo kamar hayaƙi, bakin zane kawai ya riƙe ta. Sai mai jego ta faɗi abin da ta saba: "Inna, a sam mini wuta." Tsohuwa ta sauko taƙi ɗaya. Wata ta zo ta roƙa, ta ƙara saukowa. Kafin azahar ƙafarta ta taɓa ƙasa. Inuwarta ce ta dawo daga ƙarshe, da la'asar, tana jan jiki kamar wadda ta yi laifi.

Na taɓa tambayarta, "Iya, da ba a yi ruwan ba fa?"

Ta dube ni, ta ja toka ta rufe garwashi. "Da ta tafi mana, maigida. Hayaƙin nan da kake gani da sassafe a saman Fagge, ka zaci duk na girki ne?"

Da na ajiye tafiye-tafiye na dawo gida, furfura ta riga ta cinye gemu. Wata ƙaramar ƙungiya mai kula da tsofaffi, da ke da ofis a saman wani bene kusa da Bata, ta neme ni saboda harsuna. Tsofaffin Fagge da Sabon Gari ba bakinsu ɗaya ba, kuma mutum in ya tsufa yakan koma harshen da uwarsa ta yi masa rarrashi da shi. Aikinmu raka su asibiti, kai musu abinci, da tsaya musu a gaban masu gidajen haya da 'ya'yan da suka yi nisa. Muna da takarda mai tambayoyi da muke cikewa: me ke ciwo, me aka rasa, wa ke kawo abinci.

A nan na san Mama Chidi. Inyamura ce, ta girme ni nesa, tela ce a da kafin ido ya ƙi. Tun tana amarya take zaune a wani gidan haya mai ɗakuna da yawa a Sabon Gari, kuma a Kano aka binne mijinta. Ɗakinta na bakin ƙofa ne, ƙarami, ga zafi, ga ƙarar Keke Napep. Ranar da na fara zuwa na same ta a kan benci a zaure, da wani tsohon gwangwanin madara a cinya cike da makullai. Duk mai fita kasuwa a gidan sai ya bar mata makullinsa. Yara su dawo daga makaranta su karɓa a wurinta, mai ɗaki ya dawo da yamma ya karɓa. Ba ta gani sosai, amma da yatsa take gane kowane makulli.

"Alhaji, an ce kuna kula da tsofaffi," ta ce da ni. "To kai wa ke kula da kai?"

Na yi dariya, amma raina ya sosu. A Faransa na ga gidan tsofaffi mai labule fari da lambu, ba mai ɗaga musu murya. A Jidda na ga tsohuwa da masu hidima biyu. Ga tawa a nan an mai da ita maigadi, ba ta isa ta yi barcin rana ba sai an buga mata ƙofa. Ni na kai maganar ofis, ni na yi ta sintiri wurin mai gidan har ya yarda ya ba ta ɗakin can ƙurya, mai taga biyu da inuwar mangwaro. Muka sa mata fanka. Na tara mutanen gidan na yi musu magana da Hausa, na maimaita da Yarabanci da ɗan Inyamurancin da na iya, cewa su ji tsoron Allah su bar tsohuwa ta huta. Suka ji kunya. Kowa ya je ya yanko makulli na biyu ya rataya wa ɗansa a wuya. Na rubuta a rahoto cewa an yi nasara.

Bayan 'yan makonni ma'aikaciyar jinyarmu ta ce mini Mama Chidi ba ta cin abinci. An auna ta, ba a ga ciwo ba. Kular abincin da muke kaiwa takan dawo kamar yadda ta je. Ɗanta Chidi ya bugo waya daga Anaca ya ce ƙarshen wata zai zo, in ya same ta a haka zai tafi da ita, ba zai bar uwarsa ta mutu a ɗaki ita kaɗai ba. Ban ga laifinsa ba. Amma na san abin da ta taɓa gaya mini, cewa can ba ta san kowa ba sai kaburbura, nan kuwa ko da ido rufe ta san tarin kowa.

Na je da la'asar. Gidan shiru, fanka tana juyawa, ganyen mangwaro yana wasa da haske a bango. Tana kwance, ta zama 'yar mitsitsiya a cikin zane, har katifar ba ta lotsa ba. Gwangwanin yana kan taga, ba komai a ciki.

"Mama, me kike so a kawo miki?"

"Ba komai, Alhaji. Kun gama mini komai." Sannan ta ce, "Yau wace rana ce? Da, da ƙarar makullai nake sani."

Ina tsaye a wurin sai na ji ƙanshin icen kirya, alhali ba mai hura wuta a gidan. Na dubi bakin zanenta da ya sauko gefen gado, na ji kamar in kama in ɗaure a jikin wani abu. Sai kuma wani abu ya faɗo mini wanda na yi shekara sittin ban tuna ba. Mahaifiyata tana da ashana. A cikin gwangwanin kayan ɗinkinta take ɓoye ta, na sha gani. Amma kullum da safe sai ta ɗauki tsingaro ta tsallaka tsakar gida ta durƙusa a ƙofar Iya. Ina yaro na ɗauka tsimi ne.

Na laluba aljihu na ciro makullin ofishinmu, wanda ni nake buɗewa kullum.

"Mama, ki ajiye mini wannan. Na fara mantuwa, sau biyu ina yar da shi."

Ta karɓa, ta shafa haƙoransa da babban yatsa. "Kana da wani a aljihu?"

"Babu."

"Juya aljihun in ji."

Na juya. Ta saurara, ba abin da ya yi ƙara.

"Ƙarfe nawa kake buɗewa?"

"Takwas."

"To bakwai da rabi ina zaure. In ka makara, kai da Allah."

Daga nan na nemi Alhaja Sikira, mai sayar da leshi a Kantin Kwari, wadda ta fi kowa daɗewa a gidan bayan Mama. Ta saurare ni har na gama, ta gyara ɗaurin kallabi.

"Alhaji, ba kai ka tara mu ka yi mana wa'azi da yare uku ba?"

"Ni ne."

"To sai ka sake tara mu, ka warware da yare ukun."

Haka na yi, kuma ba a raga mini ba. Washegari na zo bakwai da rabi na same ta a kan benci, an naɗe ta da bargo, makulli ɗaya yana yawo a gwangwani. Cikin kwana uku makullan suka zama biyar. Alhaja Sikira ta cire na wuyan jikokinta ta jefa a rijiya a gaban kowa, don kada a ce wasa ne. Mama ta fara da shan kunu, saboda a cewarta ba a yi wa mutane faɗa da yunwa.

Ranar da Chidi ya iso ina wurin. Ya tarar da ita tana tsare wani magidanci a zaure, tana tambayarsa dalilin da ya sa matarsa ta fita ba ta yi sallama ba. Ya daɗe a tsaye da jakarsa. Ta ji takunsa, ta ce da shi cikin harshensu ya kawo makullin motarsa ta ajiye, kada ya yar. Ya kwana biyu ya koma shi kaɗai.

Har yanzu a ɗakin mangwaro take kwana, amma a zaure take yini, ni kuma kullum sai na bi ta Sabon Gari kafin in hau benen ofis. Ɗiban wuta ya wuce, ba zai dawo Fagge ba, murhun Iya ma an daɗe da shafe wurin da siminti. Takardarmu ce ta canza. Kafin mu tambayi tsoho abin da ya rasa, yanzu tambayar farko ita ce: me ake zuwa nema a wurinka? Abin da ya faɗa kuwa, ba ma taɓa shi.