Gadar Yayana

A bayan ƙauyenmu, ta wajen Faskari, akwai inda rafi ke faɗowa daga kan dutse. Da damina ƙararsa har cikin gida muke ji. Yayana kafinta ne, irin masu yi wa manyan motoci bodin katako, kuma shi ya ga cewa wurin ya cancanci gada. Babu wanda ya sa shi. Ya kafa ta da katakon maɗaci, ya yi mata makari, ya zane ta da furanni ja da kore kamar jikin motar Legas. Na sha tsokanarsa cewa saura madubi da hon.

Faɗi ya yi mata sosai, wai don tsofaffi mata su wuce da itace a ka ba fargaba. Ranar Sallah har daga Daudawa ake zuwa ɗaukar hoto. Shi kuwa sai ya tsaya gefe yana washe baki kamar ango.

Ina aure a Ƙanƙara lokacin da daji ya lalace da 'yan bindiga. Wata damina na zo ganin gida, na ce a kai ni gada. Na tarar da dattawan gari a can, yayana a durƙushe gabansu. Ashe kwana biyu kafin nan an ga sawun babura a kan katakon. Faɗin nan da ya yi wa tsofaffi ya ishi babur mai goyon mutum biyu da bindiga.

Liman ya ce, "Haƙuri za ka yi. Wuta za mu sa mata."

"Malam, a bar ni in kwance abina da hannuna," in ji shi.

Haka ya yi ta zare ƙusa ɗaya bayan ɗaya, ruwa na fesa mana a fuska. Na riƙe masa kwanon ƙusoshin ina kuka, ina jin haushin kowa, har da dattawan da na san gaskiya suka faɗa. Bai ɗago ba ya ce, "Bari kuka, ƙanwata. In an samu lahiya ni maida ta."

Lafiyar ba ta samu ba. Da rani ya yi, ruwan ya ɗauke, 'yan bindigar suka ƙetaro ta kan yashi da rana tsaka, ba su nemi gadar kowa ba. Cikin waɗanda suka kora daji har da yayana. Har yau ba mu san ko gawa za mu yi wa addu'a ko mai rai ba.