Muryar Ihsan a Layi na Biyu

Halliru mai cajin waya ne a bakin tashar Tsafe, kuma sai da ya yi aure ya haifi Ihsan sannan ya shiga harkar DJ. Kayan aikin ma a hankali ya tara su. Lasifika biyu ya fara saya a hannun wani mutumin Bilbis da ya bar sana'ar, ɗaya tana gurnani in an ƙure ta. Sai makirufo, sai 'yar miksa da ake ɗaga sauti a sauke da ita, sai wayoyin da ya naɗe ɓararrun wurarensu da salatif. Janareta kuwa na rumfar caji ne. Abu ɗaya ya ƙi saya, wato hedifon, wannan da ake kifawa a kunnuwa. Cewa yake ado ne na 'yan Gusau, shi kunnuwansa lafiya lau suke.

Kowane DJ da tambarinsa, 'yar muryar da ke faɗo sunansa a tsakiyar kiɗa don kada wani ya kwafe aikin ya ce nasa ne. Halliru 'yarsa ya miƙa wa waya. Harshenta bai gama nuna ba, sai ta ce, "Haliyu ne, babana ne," ta ƙyalƙyale da dariya. Uwarta Saude ta yi ta faɗa, wai an koya wa yarinya kiran sunan uba gatsal, amma ita ma dariyar take yi. Ya kai wa Jibo, mai shagon tura waƙoƙi a Sabon Garin Gusau, ya dasa muryar a kowane haɗin kiɗan da ke memorinsa.

Ihsan ta rasu da damina. Zazzaɓi ne, bai ja lokaci ba. Wayar da aka ɗauki muryarta da ita tuni ta lalace, don haka duk abin da ya rage na muryar yana cikin kiɗan biki.

Da ya koma aiki, bikin farko a Kucheri ne. Ana cikin rawa tambarin ya faɗo, wata mata da ta je musu gaisuwar rasuwar ta tsaya cak, ta ja mayafinta ta fita daga fili. Kafin ya dawo gida labari ya riga shi. Saude ba ta ɗaga murya ba, ta dai ce kada ta sake jin an ce an ji ɗiyarta a filin biki, kuma a gidan nan ma kada a kunna, zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Kawunsa Malam Shu'aibu, tsohon ma'aikacin gwamnati, ya aika a kira shi. Ya ce bai hana shi neman abinci ba.

"Amma yarinya tana kwance makwancinta, kai kana sa ta kira mutane rawa. Ka goge tambarin nan, Halliru."

Ya ce to, ya tashi. A hanyar Gusau yana riƙe da memorin a aljihun gaba, hannunsa a kai.

Ya roƙi Jibo ya zare masa muryar ita kaɗai, ba kiɗa. Jibo ya gwada, ya ce ganga ta riga ta shiga cikin dariyar, in an cire ɗaya sai ɗayar ta tafi. Abin da zai iya shi ne ya haɗa masa sabon kiɗa marar tambari, tsohon memorin kuma ya adana abinsa. Halliru ya tambaya a ina zai saurara. Gida an hana, rumfa kuwa a kunnen duk tasha take.

Jibo ya ciro hedifon daga ƙusa.

"Ga adon 'yan Gusau, maigida. Zauna in gwada maka abin da ka ƙi koyo."

Ya nuna masa cewa miksa layi biyu gare ta. Na farko yana fita lasifika kowa ya ji. Na biyu, muddin maɓallinsa yana ƙasa, kunnen DJ kaɗai yake zuwa. Da shi ake shirya waƙa ta gaba. Ya gargaɗe shi cewa in yatsa ya ture maɓallin nan sama, duk fili zai ji. Halliru ya tafi da hedifon ɗin.

Bikin da ya biyo baya a Bungudu ne, da la'asar. Sabon kiɗa yana tashi a lasifika, tsohon yana tafiya a layi na biyu. Halliru ya kifa hedifon, ya jira. Da ta ce "babana ne" sai ya mayar baya. Ya sake mayarwa. Bai san waƙar fili ta ƙare ba sai da ya ga mata tsaye suna dubansa, abokin ango yana daga nesa yana tambaya ko DJ barci ya zo yi. Ya kai hannu da sauri, yatsansa ya sauka kan maɓallin layi na biyu. Ya tsaya, ya ɗauke shi a hankali, ya saka musu wata waƙa.

Da Malam Shu'aibu ya tambaya ko ya goge, ce masa ya yi ba mai ƙara jin ta a fili. Tsohon ya dube shi, bai ƙara tambaya ba.

Saude ce ta ga hedifon rataye a bayan ƙofa. Ta daɗe tana kallonsa.

"Tana ciki?"

Ya ce tana ciki.

Ba ta taɓa shi ba. Ta ce ya mayar da shi sama, inda ɓera ba zai ci wayar ba.